Taswirar Wiskin Sikotilan: Mai Karɓar Haraji Ne Ya Fara Zana Ta

Idan ka bar birnin Gilasgo ka yi arewa a mota, tafiyar kamar rabin awa za ta kai ka wata matatar wiski mai suna Glengoyne, a gindin tsauni, titi ya ratsa ta tsakiyarta. Tukwanen dahuwa suna gefe guda, rumbunan da ake jibge ganguna suna ɗaya gefen. Wannan titin iyaka ce tsakanin yankuna biyu: gefen tukwane ƙasar tudu ce da suke kira Highland, gefen rumbuna kuwa gangare ne, Lowland. Barasar takan yi 'yan kwanaki a tudu, ta ƙetare titi ta yi shekara goma ko ashirin a gangare, amma idan aka zo manna takarda a jikin kwalba, Highland ake rubutawa, domin wurin dahuwa doka take dubawa. Wanda duk ya ce maka iskar tudu ce ta ba wiskin Glengoyne ɗanɗanonsa, ka tambaye shi ko iskar takan tsaya ta duba hagu da dama kafin ta tsallaka kwalta.

Na san wani zai ce me ya kai Bahaushe zancen giya. Hukuncinta a addinin yawancinmu sananne ne, ba kuma talla nake yi mata ba, duk siffar ɗanɗano da za ka gani a nan ta bakin masu sana'ar ce da mashayanta. Abin da ya ja hankalina kasuwanci ne. Sikotilan ƙasa ce mai mutum miliyan biyar da rabi, ga sanyi ga ruwan sama, amma ta ɗauki sha'ir da ruwa da itace ta mayar da su hajar da ta kawo mata fam biliyan 5.6 daga ƙasashen waje a 2023. Babban jarinta a wannan ciniki sunayen wurare ne. An koya wa duniya cewa Islay hayaƙi, Speyside zaƙi, Lowland sauƙi, kamar yadda ake haddace karatu. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ta kai yadda 'yan talla suke faɗa ba, kuma asalin rabon yankunan ba shi da wata alaƙa da harshen mai ɗanɗano.

Dokar da ke aiki yanzu ta 2009 ce. Kafin a kira abu wiskin Sikotilan sai an dafa shi a ƙasar daga ruwa da tsiron sha'ir, ana iya ƙara wasu hatsi kamar alkama ko masara, sannan a ajiye shi a cikin ƙasar, a gangar itacen ok da ba ta wuce lita 700 ba, aƙalla shekara uku. Ƙarfinsa a kwalba kada ya gaza kashi 40 cikin 100. Ba a ƙara masa komai sai ruwa da ƙonannen sukari mai gyara launi. Idan ka ga lamba 12 a kwalba, shekarun mafi ƙanƙanta daga cikin gangunan da aka haɗa ke nan. Dokar ta kare sunaye biyar: Highland, Lowland, Speyside, Islay da Campbeltown. Ta faɗi inda kowanne ya fara da inda ya ƙare, amma ko layi ɗaya ba ta yi a kan yadda wiskin kowane yanki zai ɗanɗana ba.

Wanda ya taɓa ganin yadda ake tsiro da dawa ba zai yi baƙunta a matakin farko ba. Ana jiƙa sha'ir kwana biyu, a baza shi ya fara tsiro, domin a lokacin ne ƙwayar ke shirin juya garinta zuwa sukari. Kafin tsiron ya cinye sukarin sai a busar da shi da zafi. A niƙa, a dama da ruwan zafi, a tace, a zuba yis, a bar shi ya tsima kwana biyu zuwa huɗu. Abin da ya fito giya ce mai rauni, kashi 8 ko makamancin haka. Ita ake zubawa a tukunyar tagulla mai dogon wuya a dafa. Barasa tana rigan ruwa tashi, turirinta ya bi wuyan tukunya ya sauka ta bututu mai sanyi ya koma ruwa. Yawanci sau biyu ake wannan dahuwa. Ilimin kama turiri a mayar da shi ruwa ya shiga Turai ta hannun malaman daular Musulunci irin su al-Kindi na Bagadaza, waɗanda ruwan wardi da turare suke tatsa da shi. Kalmar da Turawa ke kiran barasa da ita ma daga Larabci ta fito, al-kuhl, wato kwalli. Su kuma mutanen tudun Sikotilan a yarensu na Gelik suka kira abin uisge beatha, ruwan rai, bakin Ingilishi ya tauna kalmar farko ta zama wiski. Rubutu mafi tsufa da ya ambace shi a ƙasar na 1494 ne, a littafin baitulmalin sarki, inda aka rubuta tsiron sha'ir da aka ba wani ɗan zuhudu mai suna John Cor.

A ƙarshen bututun akwai wani akwati na farin ƙarfe da gilashi, an garƙame shi da kwaɗo. Ta cikinsa sabuwar barasa ke kwarara, fara tas kamar ruwan famfo. Mai dahuwa ba ya iya taɓa ta, sai dai ya leƙa ta gilashi yana karanta ma'auni, yana murɗa hannu daga waje don ya karkatar da ruwan: na farko mai kaifi ne, a mayar da shi tukunya, na tsakiya shi ake so, na ƙarshe mai nauyi da wari shi ma ya koma. Har zuwa shekarun 1980 makullin wannan akwati a aljihun jami'in kwastan yake, ba na mai matata ba. Wannan kwaɗon ya fi kowace taswira bayyana tarihin sana'ar.

Majalisar Sikotilan ta fara ɗora wa barasa haraji a 1644. Bayan haɗewa da Ingila a 1707 abin ya ƙara tsanani, har harajin tsiro na 1725 ya jawo tarzoma a Gilasgo. A 1784 gwamnati ta ja layi daga gabas zuwa yamma. Mutanen arewa da layin, talakawa masu ƙananan tukwane, aka sassauta musu haraji, amma ba da jimawa ba aka hana su kai hajarsu kudu. Manyan 'yan kasuwar kudu kuma aka koma yanka musu haraji bisa girman tukunya, ba bisa abin da ta fitar ba. Sai suka yi abin da kowane ɗan kasuwa zai yi: suka ƙera tukwane masu faɗi marasa zurfi, suna dahuwa a guje sau da yawa a rana. Barasar ta fito da zafi da ƙuna. Ta arewa, wadda ake dafawa a hankali a ɓoye cikin kwazazzabai, ta fi ta kyau nesa ba kusa ba, aka dinga fasa-ƙwaurinta a bayan dawakai cikin dare. A farkon shekarun 1820 ana kama haramtattun tukwane kimanin 14,000 a shekara, ba a kuma ga alamar raguwa ba. Daga nan sunan tudu ya yi tashe, na gangare ya zube. Bambancin da aka fara sani tsakanin yankunan biyu bambancin haraji ne da ya koma ɗanɗano.

A 1823 gwamnati ta gane cewa kama ɓarawo ya fi ƙarfinta, gara ta ba shi lasisi. Fam 10 kuɗin lasisi, aka kuma rage haraji sosai. Wani manomi a kwarin Glenlivet, George Smith, ya karɓa a 1824, maƙwabtansa 'yan fasa-ƙwauri suka yi barazanar ƙone masa matata, ya yi shekaru yana yawo da ƙananan bindigogi biyu a ƙugu. Sunan kwarin ya riga ya yi kasuwa tun zamanin ɓoyo, don haka matatu da dama da ke nesa da wurin suka dinga liƙa Glenlivet a jikin sunansu, har mutane suka riƙa zolaya cewa shi ne kwari mafi tsawo a Sikotilan. Sai da aka je kotu, a 1884 aka daidaita cewa gidan Smith kaɗai ke da sunan zalla, sauran sai dai su jingina shi a bayan nasu.

Wannan yankin shi ake kira Speyside yau, ƙasar da kogin Spey da rassansa suka ratsa a arewa maso gabas. Ba shi da faɗi, amma matatu kusan 50 ne a cikinsa, daga cikin kimanin 150 na ƙasar baki ɗaya, a garuruwa irin su Dufftown, Rothes, Keith da Elgin. An san wiskinsa da ƙamshin 'ya'yan itace da zuma, ba ƙauri. 'Yan talla za su ce ruwan kogi ne. Tarihi ya fi nuna layin dogo. Jirgin ƙasa ya shiga kwarin a shekarun 1860, ya kawo kwal mai ci ba hayaƙi, ya kuma kwashe ganguna zuwa wurin dillalan Edinbura da Gilasgo waɗanda barasa mai laushi suke nema. Ga gonakin sha'ir na gaɓar Moray a kusa. Kafin jirgi, da irin makamashin da kowa ke amfani da shi a tudu suke busar da tsiro, wiskinsu ma yana da hayaƙi. Ko a yau Speyside ba baki ɗaya ba ne: Glenfiddich mai sauƙi da Mortlach mai nauyi, wanda mashaya ke cewa yana da ɗanɗanon nama, a gari ɗaya suke, ana iya zuwa da ƙafa daga wannan zuwa wancan. Kuma da yake Speyside a cikin tudu yake, doka ta bar wa matatunsa zaɓi. Macallan, wanda ke kallon kogin Spey daga kan gangare, Highland yake rubutawa a kwalbarsa.

Makamashin nan da na ambata shi ne zuciyar maganar Islay. Tsibiri ne a yammacin ƙasar, ana furta sunansa Aila, mutanensa ba su wuce dubu uku da 'yan ɗari ba, itatuwa kaɗan ne, amma ƙasa cike take da wata baƙar laka da suke kira fit. Gansakuka ce da ciyayi da suka mutu a fadama mai sanyi, ruwa ya hana su ruɓewa gaba ɗaya, suka danne juna shekaru dubbai. Kaurinta yana ƙaruwa da kamar milimita ɗaya a shekara, wato ramin da ya kai tsayin mutum ya haɗa tarihin kusan shekara dubu biyu. Ana yanka ta da wata doguwar cebur, gunduwa-gunduwa kamar tubali, a jingina su su sha iska, idan sun bushe su ci wuta a hankali da hayaƙi mai kauri. A ɗakin busarwa ana baza jiƙaƙƙen tsiro a kan daɓen ƙarfe mai ƙananan ramuka, wuta tana ƙasa, hayaƙi yana ratsawa. Muddin ƙwayar tana da danshi tana kama hayaƙin. Uwargidan da tuwonta ya taɓa yin ƙauri ta san cewa idan ya kama ba ya fita. Haka wannan ƙaurin ke bin sha'ir ta niƙa da tsimi da dahuwa biyu da shekara goma a ganga, ya fito a kofi.

Har awo suke masa. Tsiron matatar Lagavulin yana da sinadarin hayaƙi kimanin kashi 35 cikin miliyan, na Laphroaig 40 da ɗoriya, na Ardbeg sama da 50. Waɗannan ukun a jere suke a gaɓar kudu, tsakaninsu tafiyar ƙafa ce, an kafa su a 1815 da 1816, su ne kuma suka ba tsibirin sunan da yake da shi: warin asibiti, kwalta, toka, gishirin teku. Masu son sa da waɗannan kalmomin suke yabonsa, abin da har yanzu yake ba ni mamaki. A nan dole a ba wuri haƙƙinsa, domin lakar ba iri ɗaya ba ce. Ta Islay gansakuka ta fi yawa a cikinta. Ta tsibiran Orkney a can arewa, inda iska ta hana itace tsayuwa, wani ɗan tsiro mai fure ne ya fi yawa, shi ya sa hayaƙin Highland Park ya fi ƙamshi da laushi. Ta cikin ƙasa kuma tana da ragowar itatuwa. Idan akwai inda ƙasa take magana da kanta a cikin wiski, to a nan ne.

Amma a tsibirin nan dai akwai Bunnahabhain, wanda yawancin wiskinsa ba hayaƙi. Akwai Bruichladdich, da aka sake buɗewa a 2001, inda tukwane guda suke fitar da wiski marar hayaƙi ko kaɗan, su kuma fitar da Octomore, wanda wani zubinsa ya haura kashi 300 cikin miliyan. Ruwa ɗaya, gini ɗaya, ma'aikata ɗaya. Abin da ya sauya shi ne irin tsiron da manaja ya yi oda. Yau matatu ƙalilan ne ke tsiro da kansu a daɓe, irin su Balvenie, Bowmore, Laphroaig, Highland Park, Kilchoman da Springbank, yawancinsu ma wani kaso kawai suke yi. Sauran daga manyan kamfanonin tsiro suke saye, su faɗi adadin hayaƙin da suke so kamar mai faɗa wa tela awo. Matata a Speyside ko Lowland tana iya yin odar tsiro mai hayaƙi gobe, kuma suna yi.

Campbeltown labarinsa na tausayi ne da kuma wayo. Ƙaramin gari ne a ƙarshen wani dogon zirin ƙasa mai suna Kintyre, yana da tashar jirgin ruwa mai kyau da ramin kwal a kusa. A ƙarni na 19 matatu kusan 30 suka yi aiki a cikinsa, jiragen ruwa na kwasar ganguna zuwa Gilasgo. A nan, a matatar Hazelburn, wani matashi ɗan Japan, Masataka Taketsuru, ya koyi aiki a 1920, ya koma gida ya zama uban wiskin ƙasarsu. Yana tafiya garin ya fara durƙushewa. Dillalai sun koma son na Speyside, wasu matatun garin sun zubar da inganci don neman yawa har sunan ya ɓaci, ramin kwal ya rufe, Amurka ta haramta giya daga 1920 zuwa 1933, ga karayar tattalin arziki. Zuwa tsakiyar shekarun 1930 biyu suka rage, Springbank da Glen Scotia. Da aka fara cire garin daga jerin yankuna, masu Springbank suka lura cewa Lowland ma matatun tsiro uku kacal gare shi a lokacin kuma ba wanda ya taɓa matsayinsa. Sai suka sayi tsohon ginin Glengyle suka farfaɗo da shi a 2004. Uku ta cika, suna ya tsira. Ka kuma dubi abin da Springbank kanta ke yi: iri uku take fitarwa, ɗaya mai hayaƙi sosai, ɗaya matsakaici, ɗaya babu ko kaɗan wanda ake dafawa sau uku. Wanne ne ɗanɗanon Campbeltown a ciki?

Highland ba ya buƙatar dogon bayani, domin suna ne na duk abin da ya rage arewa da layi, daga kusa da Gilasgo har gaɓar da ke fuskantar Norway. Tsibirai irin su Skye, gidan Talisker, da Mull da Jura da Orkney, duk a ƙarƙashinsa doka ta sa su, ko da yake shaguna kan ware musu kanta daban. Lowland kuwa an san shi da wiski mai sauƙi irin na Glenkinchie kusa da Edinbura da Auchentoshan mai dahuwa uku, amma ainihin ƙarfinsa yana cikin wasu manyan masana'antu da ɗan yawon buɗe ido ba ya zuwa, Cameronbridge da Girvan da North British, inda ake tatsar barasar alkama da masara dare da rana.

Waɗannan masana'antu jikokin wata na'ura ce da Aeneas Coffey, tsohon jami'in haraji ɗan Ailan, ya yi wa rajista a 1830. Doguwar hasumiya ce da ba ta tsayawa, ana zuba giya ta sama barasa na fita ba yankewa, mai arha, mai ƙarfi, marar ɗanɗano sosai. Daga 1860 doka ta yarda a gauraya ta da ta tukunya kafin a biya haraji. Masu kantin kayan masarufi, gidan Walker a Kilmarnock da gidan Chivas a Aberdeen, da dillalai irin su Dewar a Perth da Usher a Edinbura, suka ƙware wajen haɗa ganguna iri-iri su fitar da abu mai ɗanɗano ɗaya kullum. Sai sa'a ta faɗo musu: wani ƙwaro ya cinye gonakin inabin Faransa, barasar inabi da attajiran Ingila suka saba sha ta yi wuya a shekarun 1880, gaurayen wiski ya maye gurbinta. Har gobe kusan kwalba tara cikin goma da ake sayarwa gauraye ne, irin Johnnie Walker da ake gani a otal-otal na Legas da Abuja, kuma gauraye ba shi da yanki. Dillalan nan ne suka riƙa kasa matatu gida-gida a littattafansu don su san abin da za su haɗa da me. Rabon yankuna kayan aikin ɗan kasuwa ne kafin ya zama na mashayi.

Sayar da wiskin matata ɗaya da sunanta sabon abu ne. Glenfiddich ne ya fara tura nasa kasuwannin waje da gaske a 1963. A farkon shekarun 1980 kasuwa ta cika ta batse, a 1983 kaɗai aka rufe matatu da dama, ciki har da Port Ellen a Islay da Brora a arewa. Cikin neman mafita, a 1988 kamfanin da daga baya ya zama Diageo ya zaɓi matatu shida, ya jera kwalabensu a kan katako ɗaya, kowace tana wakiltar wani yanki, ya raba wa mashaya da shagunan filayen jirgin sama. A ganina wannan katakon ya yi wa taswirar aiki fiye da duk kogunan ƙasar. Ya ba baƙo hanyar shiga kasuwa mai rikitarwa, ya kuma ba shi dalilin sayen kwalba shida maimakon ɗaya.

To idan ba yanki ba, me ke rarrabe su? Bayan hayaƙi, siffar tukunya. Tagulla tana kama sinadarai masu wari, don haka iya yawan gugar turiri da ita, iya sauƙin barasar. Tukwanen Glenmorangie wuyansu ya haura mita biyar, turiri mai nauyi ba ya iya hawa, sai ya koma ƙasa. Na Macallan gajeru ne, komai yana wucewa, barasar ta fito da maiƙo. Shi ya sa idan tukunya ta tsufa ake ƙera sabuwa daidai da tsohuwar. Tsawon kwanakin tsimi da inda mai dahuwa ya yanke tsakiya su ma suna da nasu.

Sai ganga, wadda masu sana'ar da yawa ke cewa ita ke ba da fiye da rabin ɗanɗano, da duk launin da ba na sukari ba. Abin dariyar shi ne gangar ba 'yar ƙasa ba ce. Dokar Amurka ta wajabta wa masu wiskin ƙasarta da ake kira bourbon sabuwar ganga da aka babbake cikinta, ba sa maimaita ta, sai su sayar wa Sikotilan. Mafi yawan gangunan ƙasar, da suka haura miliyan 20, daga can suka zo, su ke ba da ƙamshin banila da kwakwa. Kaɗan kuma daga yankin Jerez na Sifaniya, waɗanda suka sha giyar inabi, su ke ba da launi ja da ɗanɗanon busassun 'ya'yan itace, kuma sun ninka na Amurka tsada. Abin da mutane da yawa ke ɗauka ɗanɗanon Speyside ne, na Sifaniya ne. Gudummawar Sikotilan a nan sanyinta ne: kimanin kashi 2 cikin 100 ne kawai ke tsiyayewa ta jikin itace a shekara, abin da suke kira rabon mala'iku, sunan da kunnen Musulmi ba ya jin daɗinsa. A Bangalore ta Indiya asarar takan haura kashi 10, ba mai iya ajiye ganga shekara talatin a can. A Sikotilan ana iyawa, har wata kwalbar Macallan da aka dafa a 1926, ta yi shekara 60 a ganga, ta tashi a kan kusan fam miliyan 2.2 a gwanjo a Landan a 2023.

Kuɗi irin wannan shi ya sa ake tsaron sunayen kamar gonar gado. Ƙungiyar masu wiskin tana da lauyoyi da ke bin kotunan duniya. Ta yi shekaru tana shari'a da wata matatar Kanada a kan kalmar Glen, wadda ma'anarta kwari ce kawai, ta sha kaye a 2009; ta kai wata ta Jamus da ke sayar da wiski mai suna Glen Buchenbach har kotun Tarayyar Turai, daga baya kotun Hamburg ta ba ta gaskiya a 2019. A cikin gida ma an yi rikici a 2003, lokacin da Diageo ya fara zuba wiskin wasu matatu a kwalbar Cardhu ba tare da sauya sunan ba, sauran kamfanoni suka yi masa ca har ya janye, wannan na cikin abin da ya haifi dokar 2009. Mu da aka yi ƙarnoni ana sayar da fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi a Turai da sunan Maroko, mun san abin da ake rasawa idan suna ya kuɓuce. Sai dai masu cin ribar sunayen nan yawancinsu ba mutanen kwaruruwan ba ne. Glenlivet na kamfanin Faransa ne, Pernod Ricard. Ardbeg da Glenmorangie na LVMH, shi ma kamfanin Faransa. Laphroaig da Bowmore na Suntory ta Japan. Dalmore da Jura na wani kamfanin Filifin.

Akwai kuma lissafin da ba a bugawa a takardar kwalba. A 2023 mutum 1,277 giya ta kashe kai tsaye a Sikotilan, adadi mafi yawa cikin shekara 15. Da gwamnatin ƙasar ta yi dokar ƙayyade mafi ƙarancin farashin barasa don rage shan mai arha, ƙungiyar masu wiskin ce ta ja ta a kotu shekara biyar, har Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a 2017, dokar ta fara aiki a 2018.

A Islay kuwa harka sai gaba take yi. Port Ellen da aka rufe a 1983 ta sake kunna wuta a 2024, bayan ragowar kwalabenta sun zama abin farautar masu tara kayan tsada, ana kuma gina sababbin matatu. Nauyin duk yana kan jirgin fiton da ke haɗa tsibirin da babban yanki, wanda mazauna ke kukan manyan motoci sun cinye musu wuri a cikinsa. Motocin suna shigowa da sha'ir da aka noma a wani wuri, da gangunan Amurka. Idan za su koma, wasunsu tankoki ne cike da sabuwar barasar Caol Ila, matata mafi girma a tsibirin, wadda mafi yawan abin da take dafawa ba ya kwana a Islay: ana kai shi rumbunan tsakiyar ƙasar, nesa da teku, ya yi shekarunsa a can, a zuba shi a kwalba a rubuta Islay.